NAMAN KAZA DA LAIMAR KWAƊI: KAMA DA WANE BA WANE BA NE

Da zarar damina ta zauna, ruwa ya jiƙa ƙasa kwana biyu ko uku a jere, duk wanda ya bi hanyar gona ko ya ratsa daji da sassafe zai tarar da waɗansu baƙi waɗanda jiya ba su nan. Waɗansu farare ne tas, sun jeru a gindin suri kamar laimomin 'yan kasuwa. Waɗansu suna manne da ruɓaɓɓen kututture. Waɗansu kuwa sun yi da'ira a tsakiyar ciyawa, sai ka ce yara ne suke wasa a dandali. Waɗannan su ne Hausawa ke kira naman kaza, ko kuma laimar kwaɗi.

A yawancin garuruwan ƙasar Hausa ba a cika kula da su ba, yara kan shure su da ƙafa su wuce. Amma ga 'yan'uwanmu da yawa a Nijeriya abinci ne mai daraja. Gbagyi da Nufawa da Tibi da Idoma da Igala suna cinsa, Yarbawa suna kiransa olu, Ibo kuwa ero, kuma da damina akan ga mata sun kasa shi a bakin hanya da kasuwannin ƙauye. Yana fitowa ne daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon amfani bai iso gida ba, ga nama ya yi tsada, saboda haka ya zama rufin asirin miya ga iyalai masu yawa.

To, amma a cikin wannan alheri akwai ajali. Akwai irin da in mutum ya ci zai kwana yana amai da gudawa, akwai kuma wanda rabin laimarsa guda ya isa ya kashe ƙaton namiji. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, babu wata alama guda ɗaya, babu kuma wani gwaji na gida, da zai raba mai kyau da mai dafi. Kowane iri sai an san shi shi kaɗai, da sunansa da kamanninsa da wurin da yake tsirowa, kamar yadda makiyayi ya san shanunsa ɗaya bayan ɗaya.

MENE NE SHI?

Naman kaza ba ganye ba ne, ba kuma dabba ba ce. Danginsu ɗaya da funfunar da ke kama tsohon burodi da yis ɗin da ke kumbura ƙullu. Tun shekarar 1969 wani masani Ba'amurke mai suna Robert Whittaker ya ware wa wannan dangi rukuninsu dabam a cikin halittu, domin ba su yin abincinsu da hasken rana kamar tsirrai, sai dai su narkar da itace da ganye da taki su tsotsa.

Abin da muke gani a bisa ƙasa ɗa ne kawai. Uwar tana ɓoye cikin ƙasa ko cikin itace, siraran zare ce fara mai kama da saƙar gizo-gizo, kuma takan yi shekaru tana raye ba wanda ya gan ta. In ruwa ya sauka sai ta turo laima waje, laimar ta buɗe ta watsa ƙurar iri wadda ido ba ya iya rarrabe ƙwayoyinta, sa'an nan ta ruɓe cikin 'yan kwanaki.

Masanan lambun binciken tsirrai na Kew da ke Ingila sun ƙiyasta a 2023 cewa wannan dangi ya kai iri miliyan biyu da rabi, alhali waɗanda aka raɗa wa suna ba su wuce wajen 155,000 ba. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta buga wani rahoto a 2004 wanda ya nuna ana amfani da fiye da iri 1,100 na daji, don ci ko don magani, a ƙasashe sama da 80. Masu kisa a cikinsu kaɗan ne ƙwarai. Matsalar ita ce waɗannan kaɗan ɗin sun yi kama da waɗanda ake ci.

INDA YA TSIRO SHI NE SHAIDAR FARKO

Mafi shahara a ƙasarmu shi ne naman kazan suri. Wani masani Bafaranshe, Roger Heim, shi ya raɗa masa suna Termitomyces a 1942. Labarinsa abin al'ajabi ne, domin gara ce take nomansa. Takan tauna ciyawa da itace ta kai cikin ɗakunanta na ƙarƙashin ƙasa, ta gina wani abu mai kama da saƙar zuma, uwar naman kaza ta bi ta narkar da shi, garar kuma ta ci. Da damina sai laimar ta huda ƙasa ta fito. Shi ya sa manyan irinsa suke da tsini mai tauri a tsakiyar laima, suna kuma da doguwar jijiya wadda ta nutse har cikin ɗakin gara, wani lokaci ta kai kamu guda ko fiye. Akwai kuma ƙaramin irinsa, fari, wanda ke fitowa ɗaruruwa a kan ƙasar da gara ta turo waje, shi ba shi da wannan doguwar jijiya.

A wannan dangi ne ake samun wanda ya fi kowane naman kaza da ake ci girma a duniya, watau Termitomyces titanicus, wanda faɗin laimarsa kan kai mita guda. Sai a 1980 Turawan kimiyya suka rubuta shi a littattafansu daga ƙasar Zambiya, alhali mutanen wurin sun daɗe suna cinsa suna sayarwa a bakin hanya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa a wannan fanni tsohuwar ƙauye takan riga mai digiri sani.

Na biyu su ne na dajin doka. Itatuwa irin su doka da kawo, waɗanda suka cika dazuzzukan jihohin Kaduna da Neja da Bauci, suna da abokan zama a saiwoyinsu. Naman kazan yana tsotso wa itacen ruwa da gishirin ƙasa, itacen kuma yana ba shi zaƙin da ganye ya haɗa. Irin waɗannan ba su tsirowa sai a inuwar itacensu, kuma ranar da aka sare dajin aka yi gawayi, su ma sun tafi ke nan.

Na uku su ne na ruɓaɓɓen itace. A cikinsu akwai wani mai yin dunƙule a ɓoye kamar doya, wanda mutanen kudu ke niƙawa su haɗa da agushi. Akwai kuma wani mai tsirowa a kan ruɓaɓɓen kututturen kwakwar manja da tarin bambaro, wanda ke fashewa daga cikin wata 'yar jaka kamar ɗan tsako daga ƙwai. A riƙe wannan na ƙarshe a zuciya, domin za mu sake haɗuwa da shi.

Sai dai wurin tsiro shaida ce ta farko kawai, ba hukunci ba ne. Ba duk abin da ya fito kusa da suri ne na suri ba.

MAI KOREN CIKI

Wanda ya fi yaudarar mutane a ƙasashe masu zafi shi ne wanda masana ke kira Chlorophyllum molybdites. Ƙato ne kyakkyawa, laimarsa fara da ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa, takan kai faɗin faifai, yana kuma da zobe a wuyan karansa. Yana son ciyawar filin makaranta da bakin gona da makiyaya, sau da yawa a da'ira. Wanda bai ƙware ba zai rantse babban na suri ne.

Asirinsa yana ƙarƙashin laima. In ka kifar da naman kaza za ka ga waɗansu siraran haƙarƙari a jere daga tsakiya zuwa baki, kamar ƙarafan laima. Nasa farare ne yana ɗanye, amma in ya manyanta sai su rikiɗe su koma kore-kore, ƙurar irinsa ma koriya ce. Na suri kuwa ƙurarsa fara ce mai ratsin ja-ja. Har wa yau shi ba shi da tsini mai tauri a ka, ba shi da doguwar jijiya, gindinsa dunƙule ne kawai.

Wanda ya ci shi, cikin awa ɗaya zuwa uku zai fara amai da murɗawar ciki da gudawa, wani lokaci har da jini. Bai cika kashe babban mutum mai lafiya ba, amma ga ƙaramin yaro ko tsoho ƙarewar ruwan jiki kaɗai ta isa ta kai su kushewa. A Amurka shi ne ya fi kowane iri yawan kai mutane asibiti.

MAI KISA A ƁOYE

Wanda ya fi shi sharri shi ne Amanita phalloides, wanda Turawa suka yi wa laƙabi da hular mutuwa. Shi ne sanadin wajen kashi 90 cikin ɗari na mutanen da naman kaza ke kashewa a duniya. Asalinsa ɗan Turai ne, amma ya bi saiwoyin itatuwan da aka kai dashe har ya isa Amurka da Ostireliya da Afirka ta Kudu. Laimarsa tana da launin kore mai ratsin rawaya, wani lokaci fari-fari, haƙarƙarinsa farare ne, yana da zobe a wuya, kuma gindinsa yana zaune cikin 'yar jaka wadda ƙasa kan rufe.

Dafinsa ba ya mutuwa da dafuwa ko suya ko shanya. Abin da ya fi muni shi ne ba ya nuna kansa da wuri. Mutum zai ci ya sha ruwa ya yi barci lafiya. Sai bayan awa 6 zuwa 24 amai da gudawa za su taso. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai su lafa, majinyaci ya tashi zaune, 'yan'uwa su yi ta hamdala suna cewa an samu sauƙi. A daidai wannan lokaci dafin yana can yana hana ƙwayoyin hanta aikin gina kansu, suna ta mutuwa. A kwana na uku zuwa na biyar sai shawara ta bayyana, ido ya yi rawaya, hankali ya gushe, ƙoda ta tsaya. Wanda abin ya yi wa tsanani, in ba a yi masa dashen hanta ba, yakan cika cikin mako ɗaya ko biyu.

Irin wannan dafi ba a jikinsa kaɗai yake ba. Ana samunsa a waɗansu ƙananan laimomi masu ɗigo-ɗigo, da waɗansu masu ruwan ƙasa da ke tsirowa a kan itace. Dangin Amanita kuma suna fitowa a dazuzzukan doka na Afirka ta Yamma, har akwai waɗanda ake ci a cikinsu. Duk da haka gargaɗin masana ga sabon shiga shi ne, duk wanda ya haɗa farin haƙarƙari da jaka a gindi, a bar shi inda aka gan shi.

GWAJE-GWAJEN DA BA SU DA TUSHE

Akwai maganganu da dama da ke yawo a bakin jama'a, a nan da ƙasashen waje, waɗanda suka jefa mutane cikin halaka.

Ana cewa in tsutsa ko ƙwari ko dodon koɗi sun ci, mutum ma zai iya ci. Ba haka ba ne. Jikinsu dabam, namu dabam, kuma ana ganin irin waɗannan halittu suna gaigayar hular mutuwa su wuce lafiya.

Ana cewa a jefa cokalin azurfa ko albasa ko tafarnuwa cikin tukunya, in ta yi baƙi akwai dafi. Dafin hular mutuwa ba ya canja launin ko ɗaya daga cikinsu.

Ana cewa mai dafi yana da ɗaci ko wari ko launi mai ɗaukar ido. Waɗanda suka ci hular mutuwa suka rayu sun ba da labarin cewa daɗi gare ta, kuma waɗansu 'yan'uwanta masu kisa farare ne fat.

Ana cewa a fara ba kaza ko kare a gani. Wa zai ajiye miya kwana biyar yana jiran idon kare ya yi rawaya? Kafin dabbar ta nuna alama, mutanen gida sun riga sun suɗe tukunya.

Ana kuma cewa a tafasa da gishiri ko kanwa a zubar da ruwan fari. Gaskiya ne akwai irin da dafuwa ke gyarawa, shi ya sa ba a cin na daji ɗanye, amma masu kisan ba su cikin waɗannan.

SANIN GIDA BA YA BIN MUTUM ƘETARE

In gwaji ba ya aiki, to yaya kakannin masu cinsa suka rayu? Sun rayu ne da sanin suna. Shaihun malami B. A. Oso na Jami'ar Badun ya buga wani nazari a 1975 a kan Yarbawa da naman kaza, inda ya nuna yadda sunan kansa yake ɗauke da gargaɗi. Akwai wanda suke kira ajeimutin, ma'ana a ci amma kada a sha giya a kai. Shi kuwa mai koren cikin nan, sunan da suka ba shi yana nufin wanda ya ci zai jiyo amon sama. Kafin wannan, a 1972, M. H. Zoberi na Jami'ar Ife ya wallafa littafi a kan ire-iren da aka fi gani a ƙasashe masu zafi. Uwa takan tafi daji da 'yarta shekara da shekaru, tana nuna mata iri biyar ko goma da gidansu ke ci, sauran duka a bar wa kwaɗi.

Amma wannan sani na dajin garinsu ne kawai. Ranar da mutum ya canja ƙasa, idonsa na iya zama maƙiyinsa. A daren shiga shekarar 2012, a birnin Kanbera na Ostireliya, waɗansu 'yan ƙasar Sin suka ci abincin da aka dafa da hular mutuwa, biyu suka rasu, ɗaya daga cikinsu ma gwanin kuku ne. An yi imani sun ɗauke ta ne a matsayin naman kazan bambaro da suka saba ci a gida, watau irin wanda muka ce yana tsirowa a kututturen kwakwa. Dukansu biyu daga jaka suke fitowa, suna ƙanana da wuya a raba su. Bambancin shi ne na bambaro ba shi da zobe kuma ƙurarsa ja-ja ce, ta hular mutuwa kuwa fara.

A watan Satumba na 2015 asibitin koyarwa na Hanoba a Jamus ya ba da sanarwar cewa fiye da mutum 30, yawancinsu 'yan gudun hijirar Siriya, sun ci wannan dafi, har aka buga takardun gargaɗi cikin harsuna da dama aka manna a sansanoninsu. A 2021 kuma waɗansu yara biyu 'yan gida ɗaya, ɗan shekara 5 da ɗan shekara 6, waɗanda aka kwaso daga Afganistan, suka rasu a ƙasar Folan bayan sun sha miyar da iyalinsu suka yi da abin da suka tsinto a daji kusa da masaukinsu.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Mu ma a nan gida mutane suna ta canja mazauni: 'yan ci-rani, da manoman da suka bar Arewa mai nisa suka koma Neja ko Nasarawa ko Taraba, da waɗanda rikici ya raba da garuruwansu, da ɗalibanmu da ke ƙasashen Turai. Wanda ya ga maƙwabta suna tsinto abu su ci, shi ma ya ɗauki kwando ba tare da jagora ba, ya sa iyalinsa cikin caca.

Kada kuma a dogara da wayar hannu. Wani bincike da aka buga a 2023 a Ostireliya ya gwada manhajoji uku masu gane naman kaza daga hoto. Wadda ta fi ƙoƙari a cikinsu kashi 49 cikin ɗari kawai ta gane daidai.

YADDA AKE DUBAWA

Ga mai son koyo, ga yadda masu sani suke yi. Ba a yanke shi daga sama, tono shi ake yi da wuƙa ko tsinke har gindi, domin jaka ko jijiya a ƙasa suke, kuma su ne manyan shaidu. A lura da abin da ya tsiro a kai: suri ne, ko itace, ko ciyawa, ko kashin shanu, kuma a inuwar wane itace. A duba laima da haƙarƙari da zobe, a tsaga shi biyu a ga ko namansa yana canja launi ko yana fid da ruwa kamar nono.

Sa'an nan a yi gwajin ƙura. A cire laimar daga karanta, a kifa ta a kan takarda rabi fara rabi baƙa, a rufe da ƙwarya ko kofi, a bar ta awa shida ko ta kwana. In an ɗaga za a ga zanen ƙurar iri. Koriya, a zubar nan take. Fara ko ja-ja ba izinin ci ba ne, shaida ɗaya ce kawai da za a haɗa da sauran.

A sa kowane iri dabam cikin kwando ko takarda, kada a cusa su cikin leda, domin zafi na ruɓar da su, guntun mai dafi guda kuma yana iya ɓata duka. A bar ƙananan da ba su buɗe ba, don alamunsu ba su fito ba tukuna. A bar tsofaffin da suka fara yauƙi, da na gonar da aka yi wa feshi. Bayan duk wannan, a kai wa wanda aka san ya shekara yana cin wannan irin a wannan yankin, ya duba su ɗaya bayan ɗaya. In akwai kokwanto ko kaɗan, a zubar. In za a ci karo na farko, a dafa sosai, babba ya ɗanɗana kaɗan, kada a ba yara, a kuma ajiye guda ɗaya ɗanye.

IN AN RIGA AN CI

Duk wanda ya ji ciwon ciki bayan cin naman kazan daji, a garzaya da shi asibiti, tare da duk waɗanda suka ci tare da shi, ko da su ba su ji kome ba. A tafi da ragowar miyar da ɗanyen da aka ajiye. A gaya wa likita ƙarfe nawa aka ci, ƙarfe nawa ciwon ya fara, domin ciwon da ya jinkirta ya wuce awa shida ya fi wanda ya zo da wuri haɗari. Manja da madara ba su karya wannan dafi, ɓata lokaci ne kawai. A kan hanya ana iya ba shi ruwan gishiri da sukari. A asibiti ne ake da gawayin magani mai tsotse dafi, da ƙarin ruwa, da awon jinin da zai nuna halin da hanta ke ciki. Kada a ɗauke majinyaci a koma gida don an ga ya farfaɗo, sai likita ya sallame shi.

Wanda ke sha'awar ci ba tare da fargaba ba, akwai na noma, wanda ake shukawa a kan dusar katako cikin ɗaki mai sanyi. Cibiyar Binciken Masana'antu ta Tarayya da ke Oshodi a Ikko tana cikin masu koyar da wannan sana'a.

Ya rage ga ma'aikatun lafiya da malaman gona da gidajen rediyo su riƙa faɗakar da jama'a tun farkon kowace damina. Ya kuma kamata jami'o'inmu na Arewa su bi tsofaffin ƙauye su rubuta sunayen da suka sani, da hotunan kowane iri, tun masu sanin suna raye kuma dajin doka yana tsaye. Iyaye su ja kunnen yaran da ke zuwa kiwo da ɗiban itace, kada su kai bakinsu ga abin da babba bai nuna musu ba. Masu iya magana sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma kiyashe mu da iyalanmu.